Kunne Ɗaya

A Riga, duhu kan sauko tun la'asar,
ƙanƙara ta rufe bakin kogin Daugava.
Valdis ya gangara ɗakin ƙasa da tocila,
ya dire akwatunan ƙarfe biyu a kan benci,
kowanne da nauyin yaron da ya isa yaye.

Ɗaya daga silimar unguwa ya fito
ranar da katafila ta ci bangonta.
Shekara talatin yana ɗaukar raɗar masoya
yana watsa wa masu tari a cikin duhu.
Ɗayan kuwa na tashar jirgin ƙasa ne,
bai taɓa faɗin komai ba a rayuwarsa
sai "Jirgin Jelgava zai makara."
A hannun ɗan gwangwan ya fanshe shi
da kuɗin burodi biyu.

Ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba,
amma tiransifomominsu kamar an tsaga kara.

Sai ya shiga fiɗa.
Saƙar gizo, kashin ɓera, tsatsa,
tsofaffin kafasito da suka kumbura
suka yi hawayen kaki suka bushe.
Da hannu ɗaya yake taɓa cikin,
ɗayan yana aljihu,
domin ƙarfen da aka kashe tun jiya
yana iya ɓoye wutar da za ta kai mutum kushewa.
Dalma ta narke, hayaƙinta ya miƙe siriri.
Ya huda sabon faranti,
ya jera kwalabe takwas a kai,
huɗu na masoya, huɗu na matafiya.

Ranar farko, gurnani kawai ya samu,
ƙudan zuma a cikin tulu.
Mako uku yana bin sawun gurnanin nan
da tafin hannu a jikin sifika,
har ya kama ɓarawon:
wata 'yar waya baƙa da ta kwanta inda ba ɗakinta ba.
Ya matsar da ita faɗin yatsa.
Tsit.

Kwalaben ba sa gaggawa.
Sai ka ƙirga ashirin
kafin garwashi ya buɗe ido a cikinsu,
ƙura ta ɗumama, ɗaki ya ɗauki ƙanshin da.

To, ga inda gizo ke saƙar:
kunnen hagun Valdis ya mutu tuntuni
a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa,
guduma ta cinye shi a hankali.
Ya gina gada mai ƙafa biyu,
shi kuwa gaɓa ɗaya yake iya tsayawa.

Ya hau bene ya ƙwanƙwasa wa maƙwabta,
ya aro Dzintra, 'yar shekara tara,
da cokalin miya a hannunta.
Ya zaunar da ita a tsakiya daidai,
ya zaro faifai daga rigarsa da ta koɗe:
ƙungiyar mawaƙan ma'aikata, mutum sittin,
an ɗauka shekarar da gashin Austra ke baƙi.
Allura ta sauka. Ƙas, ƙas.

"Faɗa mini inda suke tsaye."

Yarinya ta lumshe ido, ta ɗaga cokali.
"Maza suna can, wajen tagar.
Mata suna nan, kusa da tukunyar ɗumama ɗaki.
Akwai wata a cikinsu
da take jan numfashi kafin kowa."

Bai ce uffan ba.
Shekara arba'in da ɗaya ya kwana
kusa da wannan jan numfashin.

Ya tashi, gwiwa tana ƙara,
ya juya kujerarsa ya ba kwalaben baya,
kunnen da ya rage ya fuskanci ɓangaren mata.
Maza sittin ko talatin, su tafi wajen taga.

"Mayar da allurar farko," ya ce,
"a hankali, kar ki karce ta."